Ranar Da Na Yi Wa Katakon Yaya Banda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye min sauran tunani, da makon da na lalata abin da yayana ya fi so a duniya. Kuma ba tsautsayin minti ɗaya ba ne. Kwana huɗu na yi ina lalata shi a hankali, da hannuwana biyu, ni a tunanina gyara nake yi. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu da na ji ƙarar taya a kan katako sai gabana ya faɗi. Na zaɓi in rubuta ne saboda na kasa ba ƙawayena labarin da baki. Duk lokacin da na fara, sai su fashe da dariya tun ban kai wurin kukan ba.

Yayana Mudi ya yi shekara shida a Legas yana koyon aikin sola. Ya dawo mana Yelwa da sana'a a hannu, ya kuma dawo da wata cuta da ba ta jin magani: wasan katako mai taya, wanda su can suke ce wa sikeitbod. Wani ɗan faffaɗan katako ne mai ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa, mutum ya hau a tsaye, ya tura da ƙafa ɗaya, ya yi ta sululu. Inna ba ta taɓa wahalar da bakinta da sunansa ba. Ita "katakon karya ƙafa" take ce masa, kuma duk gidan muka bi ta.

Da a hawa kaɗai ya tsaya, da sauƙi. Yaya tarawa yake yi. A ɗakinsa akwai tsofaffi guda bakwai rataye a bango, kowanne da ƙusarsa. Shida daga ciki a kasuwar gwanjo ya tsinto su, cikin tarin kekunan yara da tsofaffin fankoki. Wani siriri kamar tafin takalmi, wani ba taya ko ɗaya, wani ya ci ƙasa har bakinsa ya zama kamar tsintsiya. Idan ka kuskura ka tambaye shi game da ɗaya, to ka nemi wurin zama, don sai ka ji shekarunsa da irin itacensa da dalilin da ya sa tayarsa ta fi ta yanzu faɗi. (Akwai ranar da mai kawo mana ruwa ya tambaya don ladabi kawai. Sai da kurarsa ta yi zafi a rana.)

Na bakwai ɗin shi ne daban. Ba saya ya yi ba. Wani dattijo ne a Legas, wanda ya yi aiki a manyan jiragen teku tun yana saurayi, ya zo da shi daga ƙasar waje tun kafin a haifi Yaya. Shi ya fara ɗora Yaya a kan katako, a wani filin siminti bayan shagon da yake koyon aiki. Da Yaya zai dawo gida, dattijon ya ba shi katakon, ya rubuta sunan Yaya a cikinsa da 'yar addu'a, ya sa hannu. Bayan wata huɗu aka bugo waya aka ce ya rasu. Katakon faffaɗa ne, mai nauyi, da zanen wani tsuntsu da ya fara koɗewa a ƙasansa. Yaya ba ya hawansa. Goge shi kawai yake yi da tsumma mai laushi duk Juma'a kafin ya tafi masallaci. "Katakon Baba" yake ce masa.

Sai kuma gangaren. Kawu Manu, ƙanen Inna, masassaƙin jirgi ne a bakin ruwa. Yaya ya nuna masa hoto a waya, Kawu ya duba ya duba, ya ce, "Wanga ai cikin jirgi ne anka yanke rabi." Cikin sati biyu ya haɗa masa shi a kangon bayan gidanmu: katako mai lanƙwasa, tsayinsa ya kai ƙirjina, da ɗan dandamali a sama inda mutum zai tsaya ya sako kansa ƙasa. Duk yamma sai unguwa ta taru a kan katanga ana kallon Yaya yana hawa yana sauka kamar wanda ba shi da ƙashi.

Ni kuwa tun da na gama sakandare ina gida, daga taya Inna bandar kifi sai kallon bango. Na roƙi Yaya ya koya min, ya yarda, Inna ta ce, "In kinka karye kada ki kira sunana." A tsakar gida muke yi, a kan simintin da ake shanya, ni da wando a ƙarƙashin dogon hijabi. Cikin wata biyu na iya tafiya daga ƙofar madafa har bakin rijiya ba tare da na rungumi kowa ba. Doka biyu kawai Yaya ya kafa min. Kada in hau gangare idan ba ya nan. Kada in taɓa katakon Baba.

Ina ganin kun riga kun san inda labarin ya nufa.

Abin da ya ja min shi ne baƙi. Yaya yana cikin wani zauren waya na masu wannan wasa, kuma biyu daga cikinsu, Safiya da yayanta, suka ce za su taso daga Abuja ranar Asabar su ga gangaren da masassaƙin jirgi ya yi, su kuma ɗauki hoton tsofaffin katakan. Safiyar nan na san ta a wayar Yaya. Akwai wani bidiyonta da take sakowa daga gangaren da ya ninka namu, hijabinta yana tashi a bayanta, fuskarta ko a jikinta. Na kalle shi ya fi sau hamsin. Ni dai ban so ta zo ta tarar da ni ina rarrafe tsakanin madafa da rijiya ba. So nake ta gan ni a saman gangare, ta ce, ashe a Yawuri ma akwai mu.

Ranar Litinin Yaya ya tafi wani aiki a Shanga, ya ce sai Juma'a. Ya ɗaure katakon da muke hawa a bayan babur ya tafi da shi, don ba ya rabuwa da shi. Da hantsi Inna ta tafi kasuwa. Na shiga ɗakinsa wai zan yi shara. Na tsaya gaban bango ina duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin bakwai ɗin nan guda ɗaya ne kawai mai faɗi, mai tayoyi huɗu cif. Na ce a raina sau ɗaya ne, ko shi katakon ba zai sani ba.

Na hau dandamalin da shi a hammata. Daga ƙasa gangaren nan bai kai komai ba. Daga sama kuwa, wallahi kamar bakin rijiya. Na ɗora wutsiyar katakon a baki yadda na ga Yaya yana yi, na taka da ƙafar baya, na yi bisimilla. Yaya kullum yana cewa a wannan lokacin dole mutum ya ba da jikinsa gaba gaba ɗaya, wanda ya ja baya shi ke faɗuwa. Na san wannan sarai. Na taka gaba, jikina ya ce bai yarda ba, ya koma baya. Katakon ya fice daga ƙarƙashina kamar kifi a hannu, ni kuma na sauka a kan mazaunaina na yi sululu har ƙasa. Ina kwance ina kallon sama na ji "ƙwas!" Katakon ya tafi ya daki wani tsohon injin jirgi da Kawu ya ajiye a gindin katanga.

Na manta da ciwon da ke jikina na rarrafa na ɗauko shi. Tsaga ce a goshinsa, tsawon ɗan yatsana. Ba ta fi haka ba. Ina so ku riƙe wannan, don ni ma shi nake riƙe da shi kullum: tsawon ɗan yatsa.

Mai hankali zai ɗauki waya ya kira yayansa ya yi kuka a ba shi haƙuri ko a zage shi, a wuce wurin. Ni sai na sa hijabi na nufi bakin ruwa wurin Kawu. Na same shi yana fere wani katako, na gaishe shi, na zauna ina wasa da ɓawon itace kamar hira ta kawo ni.

"Kawu, wai idan katako ya tsage, ya ake yi?"

"Babbar tsaga ko ƙarama?"

"Ƙarama. 'Yar mitsitsiya."

"Ai wannan ba aiki ba ne, Auta. A nutsa shi ruwa kwana biyu, shi sha shi kumbura, tsagar ta haɗe da kanta. Ba ki ga jirgin da ya daɗe a tudu ba? Sai mun nutsa shi kafin shi daina yoyo. Mi ya tsage? Akushin Innarku?"

Na ce, "Eh, wani abu ne dai haka."

Ban yi wa Kawu ƙarya ba, amma ban gaya masa gaskiya ba, shi kuma ya ba ni amsar abin da na tambaya. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san maganar Kawu gaskiya ce. Na sha ganin jirgi nutse har baki da duwatsu a ciki, bayan kwana biyu a kwashe ruwan ya tashi garau. Don haka da la'asar na naɗe katakon Baba a buhu, na kai can ƙasa da inda Kawu ke ɗaure jiragensa, na ɗaura masa dutse, na ɗaure igiyar a wani turke, na tura shi cikin ruwa. Har addu'a na yi masa. Na dawo gida ina jin kaina kamar likita.

Ranar Laraba da safe na koma ɗaukowa. A nan ne abin ya daina zama abin dariya, ko da yake ƙawayena a nan suka fi yin ta.

Ruwa ya ƙaru cikin kwana biyun. Turken da na bari a bakin gaɓa yanzu kansa kawai ake gani. Kuma ga wani sirri da duk danginmu ke ɓoyewa: ni, jikar Sarkawa ta wajen uwa, wadda kakanninta suka yi suna a kamun kifi, ban iya iyo ba. Ko kaɗan. Na tattare hijabi na shiga. Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji. Na kama igiya na ja, ta ƙi. Na ƙara taku ɗaya don in ja da ƙarfi, sai na ji babu ƙasa. Ashe rami ne inda masu ɗibar yashi suka haƙa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwan ya rufe kaina, komai ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, kunnuwana suka toshe. Hijabin ya naɗe min fuska. Na buɗe baki zan yi salati na sha ruwa, na sake buɗewa na sake sha. Abin da ya zo min a rai ba wani babban abu ba ne, Inna ce, tana tambayar mutane me ya kai ni. Igiyar tana hannuna ban sake ta ba, ina fizga kamar mahaukaciya, dutsen ya kwance, katakon ya taso ya buge ni a haɓa. Na rungume shi. Shi ya ɗago kaina sama na sami numfashi ɗaya. Sai na ji an damƙi hijabina ta baya an ja.

Wata mata ce daga cikin Gungawa masu wanki a can gefe. Ta jawo ni har tudu kamar buhun gero, ta kifa ni, ta yi ta dukan bayana ina aman ruwa. Da na dawo hayyacina ta leƙa fuskata ta ce, "Ke ba ɗiyar 'yar'uwar Manu ba ce? Jinin Sarkawa, ruwa iya wuya shina neman kashe ki?" Sauran matan suka taru. Ɗaya ta nuna abin da na ƙanƙame ta ce, "Kuma a kan wanga abin wasan yara?" Na roƙe su don girman Allah kada su gaya wa kowa. Jikina yana ɓari har haƙorana suna haɗuwa. Na zauna a rana sai da kayana suka sha iska, sannan na lallaɓa gida ta bayan layi.

Amma fa da na duba goshin katakon, tsagar ta haɗe! Wallahi ta haɗe, sai ka ƙura ido za ka ga layinta. Duk da mutuwar da na leƙo, sai da na ji wani daɗi. Na ce Kawu ya san aikinsa.

Matsalar ita ce katakon ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ruwa yana ɗiga daga ko'ina, ga hadari ya rufe rana, ga Juma'a jibi. A gidanmu kuwa idan ana son abu ya bushe da sauri, wuri ɗaya aka sani. Da Inna ta sauke kifinta daga kan banda, saura garwashi da hayaƙi, sai na ɗora katakon Baba a kan wayar, na rufe da kwali yadda muke rufe kifi. Inna ta fito ta ganni ina fifita.

"Mi kike gasawa?"

"Shanya nake, Inna. Ruwa ya zube wa katakon Yaya."

"To ki riƙa juya shi kada gefe ɗaya shi ƙone. In ya nuna ki sa min nawa a kwano."

Na juya shi kuwa. Yini biyu ina juyawa, ina tashi ina duba wuta. Ko kifin sayarwa ban taɓa yi wa irin wannan hidima ba.

Ranar Alhamis da yamma na sauke shi. Ya bushe ƙayau. Ya kuma yi launin da duk abin da ya kwana a kan banda yake yi. Tsuntsun da ke ƙasansa ya koma kamar soyayyen zabo. Rubutun dattijon kuwa, ruwa ya wanke shi, hayaƙi ya rufe sauran, sai wata inuwa-inuwa da ake gani idan an karkata shi wajen haske. A nan ma Allah ya sake ba ni dama in tsaya. Ban tsaya ba. Na ɗauko baƙar maka ta rubutu daga cikin kayan makarantata, na bi inuwar nan harafi bayan harafi. Inda ta ɓace na cike da abin da na tuna. Har sa hannun mamacin na yi masa. (Ku yi dariyarku. Ni a nan nake rufe fuska.)

Na mayar da shi ƙusarsa, amma na juya cikinsa ya kalli bango. Don kada ya zama shi kaɗai, na juya sauran shidan ma. Na share ɗakin, na goge, na kunna turaren wuta. Warin kifi bai dame ni ba, don a gidanmu ba mai jin sa. Da shi muke kwana, da shi muke tashi.

Yaya ya dawo Juma'a gab da magariba a gajiye, hankalinsa duk yana kan masaukin baƙi. Ya leƙa ɗakin ya ga yana ƙyalli, ya tambayi dalilin juya katakan, na ce saboda ƙura ne, kada zanen ya yi datti kafin baƙi su zo. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kai, Auta, kin yi tunani. Allah shi yi miki albarka." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Asabar da hantsi baƙi suka iso. Safiya a fili ta fi ta waya kirki. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta riƙe hannuna ta ce Yaya ya ba ta labarina, wai na kusa fara hawa gangare. Suka yi wasa a kango kusan awa biyu, unguwa ta cika katanga, har Kawu ya rufe aiki ya zo ya ga yadda 'yan birni za su yi da jirginsa. Safiya ta sako daga sama, ta juya a iska, ta dawo. Matan maƙwabta suna ta salati. Ni ina gefe da butar ruwa, ina murmushin dole.

Bayan azahar aka shiga ɗakin Yaya. Yayan Safiya ya saita waya yana ɗauka. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, ni ina bayansa. Yaya ya fara sauko da katakan ɗaya-ɗaya yana bayani, baƙin suna ta mamaki, Safiya tana cewa ko a Abuja ba ta san mai irin waɗannan ba. Sai ya zo kan na bakwai. Bai sauke shi nan da nan ba. Ya tsaya ya ba da labarin dattijon, yadda yake riƙe masa hannu, yadda yake saya masa burodi ranar da ba shi da ko sisi, yadda ya ce masa ya kai katakon inda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya ce, "Ga rubutunsa nan da hannunsa, shi kaɗai ya rage min."

Ya sa hannu ya ciro shi, ya juya.

Na ga fuskarsa. Ya kalli launin, ya kalli tsuntsun, sannan idonsa ya tsaya a kan rubutun. Yaya ne ya koya min rubutu tun ina aji ɗaya. Ya san hannuna kamar yadda ya san nasa.

Ya ɗan matsa gefen katakon da babban yatsa, sai gefen ya buɗe. Ashe ba gungumen itace ɗaya ba ne irin na jirgi. Siraran falle ne guda bakwai aka liƙa da gam, ruwa ya narkar da gam ɗin, wuta ta gama da sauran. Fallen ƙasa, mai tsuntsu da rubutu, ya ɓare ya biyo hannunsa kamar ɓawon rogo. Sauran suka buɗe kamar littafin da ya sha ruwan sama. Daga cikin ƙarfen taya wata 'yar katantanwa ta faɗo, ta gangara a siminti har gaban takalmin Safiya.

Safiya ta ɗan ja hanci, ta sake ja, ta ce a hankali, "Wai… kifi nake ji?"

Daidai lokacin Inna ta iso da faranti, ta leƙa ta kafaɗar Kawu, ta ce da murnarta, "Ai Auta ta yi mai hidima! Yini biyu shina kan banda tana juyawa, ko barcin rana ba ta yi ba."

Kawu ya karɓi falle ɗaya ya duba, ya juyo ya dube ni a hankali. "Auta. Wanga ne akushin?"

Na zauna a ƙasa a nan bakin ƙofa, a gaban Safiyar da na so in burge, na faɗi komai ina kuka da majina. Gangaren, tsagar, turken, bandar, makar. Kawu yana ta tafa hannu yana cewa, "Da kin ce min mai falle-falle ne! Ko ƙofar makewayi ba a jiƙa irinsa!" Yayan Safiya ya tuna wayarsa tana ɗauka, ya yi sauri ya kashe. Da na zo wurin ramin yashi na so in tsallake, amma Kawu ya riga ya haɗa lissafi. Ya ce dama matan wanki sun ce wata yarinya ta kusa tafiya ranar Laraba, sun ƙi faɗin ko wace ce. Farantin ya kuɓuce daga hannun Inna.

Sai a lokacin Yaya ya yi magana. Bai ɗaga murya ba.

"Ke kika shiga ruwa? Ke da ba ki iya iyo ba?"

Na gyaɗa kai.

"Saboda tsoron ki gaya min?"

Na sake gyaɗawa. Ya daɗe yana kallona, fallen yana hannunsa. Ya ce, "Da kin mutu a kan wannan, wa zan rataye a bango?" Ya ajiye shi a kan katifa ya fita. Har baƙi suka yi shirin tafiya bai dawo ba, sai a tasha ya same su.

Kafin su tafi Safiya ta same ni a bayan madafa. Ta zauna kusa da ni, ta ce yayanta ya goge bidiyon, ta ce ita ma ranar farko baya ta ja, kowa baya yake ja. Na ji daɗin wannan. Sai na yi kuskuren tambayarta ko da ma tsagar tana gyaruwa. Ta so ta yi min ƙarya, ta kasa. Ta ce irin wannan ɗan gam ake ɗurawa a matse da ƙarfe zuwa washegari, shi ke nan. Ta ce masu tara tsofaffin katako ma ba sa ƙin tsaga, don tana nuna an hau abin.

Yanzu Yaya yana gaishe ni, ina gaishe shi. Ya naɗe fallayen a wani farin yadi ya sa a ƙasan akwati. Bai hana ni shiga ɗakinsa ba, ni ce na kasa. Shekaranjiya ya tura min katakon hawa da ƙafa a tsakar gida ba tare da ya dube ni ba, ya zo ya tsaya a gabana, na ɗora ƙafa ɗaya, na kasa ɗora ta biyu, na sauke. Bakin ruwa kuwa ko aike Inna ta daina yi min, don ta ga yadda nake yi idan na hango shi. Kawu ya ce da zarar na daina ɓari zai koya min iyo, ko ina so ko ba na so, don ya gaji da gorin matan wanki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ɓarnar da na yi da rashin ji tsawon ɗan yatsa ce, duk sauran da ƙwazo na yi ta. Don haka idan na sake fasa abin wani, a fashe zan kai masa, da hannu biyu, in tsaya a zage ni. Kuma duk wanda ya ji na ce masa "kawo in gyara maka", don Allah ya ɗauki kayansa ya gudu.